Farin dabbaren ruwa: lemon tsami ba na ko'ina ba ne

Wannan makon da ɓarnar da muka yi da hannunmu za mu fara.

Da muka je hutu gida Randagi, mun tarar Gwaggo ta tare a sabon ɗakinta, an shimfiɗa mata falan dutsen giranit a kicin. Sai dai gefen da ake ajiye bokiti ya yi farin dabbare, sabulu ya kasa fitar da shi. Mu da muke taƙama da karatun jami'a muka ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Muka matse lemon tsami a wurin, muka bari ya kwana, muka yi ta maimaitawa har kusan mako guda. Dabbaren ya fita, amma sheƙin wurin ma ya dushe. Gwaggo ta dube mu ta ce, "To, malamai, wannan ne karatun?"

Rabin darasin muka riƙe. A sakandare an koya mana cewa ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da kalsiyam da maganisiyam da ya kwaso a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa sabulu ba ya kumfa da shi kamar yadda yake yi da ruwan sama. Idan ruwan ya bushe ko aka tafasa shi, sai kalsiyam kabonet ya zauna. Shi ne farin ɓawon da muke gani a gindin butar shayi. Asid na narkar da shi, don haka lemon tsami ko ruwan tsamiya suna aiki a butar ƙarfe.

Rabin da muka manta shi ne, asid ba ya tambayar abin da zai ci. Giranit dutse ne mai tauri, akasarinsa kwatz ne da felsfa, amma akan shafa masa maganin da ke toshe ƙananan ƙofofinsa, kuma asid na cinye wannan shafen a hankali. Mabul kuwa ya fi shiga haɗari, domin shi kansa kalsiyam kabonet ne. Ɗigon lemo kaɗan ya isa ya bar masa tabo.

To me ya kamata mu yi? A fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi. In ya ƙi, a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan, a shafa, a jira kamar minti 10, a goga da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Ɓawon da ya yi kauri a kankare shi da cokalin roba, ba da soson ƙarfe ba. Kowane magani a fara gwada shi a lungun da ido ba ya kaiwa. Mafi sauƙi kuma, a riƙa tsane wurin da busasshen tsumma bayan kowane wanke-wanke, tun ruwan bai bushe da kansa ba.

Ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO, wannan darasi yana cikin manhajarku. Ku karanta shi har ƙarshe kafin ku gwada a kicin ɗin mutane. Mu dai yanzu muna tara kuɗin mai gyaran dutse daga ɗan guzurinmu na makaranta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.