Mu Buɗe wa Yaranmu Ƙofar Karatu da Waƙa

 A wannan wata za mu taɓo kukan da iyaye da yawa ke yi, cewa yaro ba ya son karatu. Da ya ga littafi mai kauri sai hamma ta kama shi. To 'yar'uwa, kafin ki yanke masa hukuncin lalaci, ko kin taɓa gwada shi da littafin waƙa?

Ai da waƙa yaro ke fara sanin harshe. Da ita kika yi masa raino, da ita 'yarki ke gaɗa, kuma tatsuniyar da ta fi zama a zuciyarsa ita ce mai waƙa a ciki. Kari da amsa-amo su ke riƙe kalma a ka, shi ya sa yaron da ke mance darasin jiya yake iya rera baiti ashirin bai yi tuntuɓe ba. Magabatanmu sun san haka. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara: jajis su haddace a wurinta, su koma ƙauyuka su koya wa 'yan taru.

Littattafan waƙa kuwa muna da su. Akwai Imfiraji na Aliyu Namangi, da Waƙoƙin Sa'adu Zungur, da Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu, sai Alƙalami a Hannun Mata na Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, wanda ya fito a 1983. Sai dai fa mu faɗi gaskiya, manya aka yi wa waɗannan. Hausarsu tana da zurfi, wasu jigoginsu kuma, kamar na 'Yar Gagara, ba na ɗan firamare ba ne. Don haka uwa ce za ta zaɓo baitin da ya dace, ta rera, ta warware kalmomin masu wuya. Ɗan sakandare kam ya isa a miƙa masa littafin kacokan.

Inda aka bar mu a baya shi ne ƙagaggen labari cikin waƙa, wanda aka rubuta musamman don matasa. A Amurka irin wannan littafi ya samu karɓuwa ƙwarai. Labari ne cikakke, da tauraro da rikici da ƙarshe, amma kowane babi gajeriyar waƙa ce, wani ma bai cika shafi ba. Misali, The Crossover na Kwame Alexander labarin wasu tagwaye ne 'yan ƙwallon kwando da mahaifinsu mai ciwon zuciya, ya kuma ci lambar Newbery ta littattafan yara a 2015. Akwai kuma Other Words for Home na Jasmine Warga, wanda ya fito a 2019, labarin wata yarinya Musulma da ta baro Siriya tare da mahaifiyarta zuwa Amurka, ta bar uba da yayanta a gida, ta fara sa hijabi a cikin mutanen da ke mata kallon baƙuwa.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Kalmomi kaɗan ne a shafi, ido ba ya tsorata. Yaro na juya shafi da sauri, kafin ya ankara ya kai ƙarshe, kuma wanda ya taɓa ƙare littafi ɗaya da kansa shi ke neman na biyu. Sannan gajeren baiti yana iya ɗaukar abin da matashi ke jin nauyin faɗa wa uwarsa, irin su maraici, kishin 'yan'uwa ko kewar gida.

Saboda haka shawarata guda uku ce. Ki riƙa karanta waƙa da murya, ko baiti biyar ne bayan cin abincin dare, domin waƙar Hausa don kunne aka yi ta. Ki fara duba kowane littafi, musamman na waje, kafin ki ba yaro. Ki saya masa ɗan littafin rubutu ya riƙa tsara nasa baitocin, kada kuma ki yi masa dariya in kari ya karye.

Ku kuma marubutanmu mata, da kuka cika kasuwa da labarai, ina labarin 'yar talla ko na 'yar makarantar kwana cikin waƙa? Yaranmu na jira, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.