Tsohon kuɗin da ke ƙasan adakar kaka

Akwai wani saƙo da ba ya mutuwa a wayoyinmu. Sai a yi kwana biyu ba a gan shi ba, sai kuma ya sake ɓullowa a WhatsApp ko Facebook: hoton kwabo mai huji, ko tsohuwar naira ɗaya, an rubuta a ƙasa wai akwai masu saye a miliyoyi, ga lambar waya. Duk sanda ya zagayo, sai yara matasa a Jekadafari da Bolari da Tudun Wada su faɗa ɗakunan tsofaffi suna birkice adaka da kwalla, ana neman arzikin da aka kwana a kansa shekara da shekaru ba a sani ba. Wanda ya kira lambar kuwa, labarin ɗaya ne. Za a yaba masa kayansa, a yanka masa farashin da zai hana shi barci, sannan a ce ya turo kuɗin rajista, ko na awo, ko na takardar fitar da kaya waje. Yana turawa a kashe waya.

Maganin wannan damfara a fili yake, domin mai sayen gaskiya shi ke biyan ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Yaron da aka ce wa kwabonsa miliyan ne, ranar da ya gane ƙarya ce sai ya tsani kayan gaba ɗaya. Ya kwashe ya kai wa 'yan gwangwan su auna a sikeli, ko ya watsar ƙanne su yi wasa da su a tsakar gida. Ta haka wani yanki na tarihin garin nan na Gombe yake fita daga gidajenmu, a kan kuɗin da ba zai sayi mudun masara ba.

Ɗauki kwabon nan ka duba shi a hasken rana. A fuska ɗaya akwai kambun sarauta a saman hujin, sunan sarkin Ingila na lokacin ya zagaye gefe, a ƙasan hujin kuma ga rubutun Larabci yana faɗin darajarsa. Juya ɗaya fuskar, za ka ga tauraro mai tsini shida da shekarar da aka buga shi. Turawa sun fara kawo shi a 1907, shekara huɗu bayan yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a nan ƙasar Gombe. Tare da shi suka kawo anini, wanda sai an haɗa goma suke yin kwabo. Sun yi shi ƙarami haka ne don ya ture wuri daga kasuwa, tunda mai sayen daddawa da gishiri ba shi da abin yi da sule. Aninin farko na alminiyam ne, sakayau, sai aka ga yanayinmu yana cinye shi, a 1908 aka sauya ƙarfen. Daga 1912 hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ta karɓi aikin, tana buga wa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya, miliyoyi kan miliyoyi, har ƙarshen shekarun 1950. Abin da aka buga da yawa haka, ga shi kuma ƙarfe ne da ba ya ruɓewa, ba zai taɓa yin wuyar samu ba. A kara ba a taya sa don ya tsufa, to haka kasuwar tsohon kuɗi take. Masu tarawa suna tambayar guda nawa suka rage a duniya, da kuma a wane hali naka yake.

'Yan damfara suna son kwabon 1936 ƙwarai, kuma da dalili. Sarki Edward na takwas ya hau gadon Ingila a Janairun wannan shekara, ya yi murabus a Disamba. A can Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, shi ya sa 'yan samfuran da aka buga suke da tsadar gaske. Namu kwabon kuwa ba ya ɗaukar hoto, huji ya cinye wurin, suna kawai ake sawa, don haka aka buga shi da yawa da sunan Edward aka saki a kasuwanninmu. Labarin tsadar na Ingila ake ɗorawa a kan namu a ruɗi mutane. Wanda ya san harkar, shekara yake dubawa tare da wani ɗan ƙaramin harafi kusa da hujin, H ko KN, alamar masana'antu biyu na Birmingham da suka riƙa buga shi. Akwai 'yan shekarun da wata masana'anta ta buga kaɗan, su ne ke da ɗan farashi, idan ba su goge ba.

Sai liyari, babban farin kuɗin nan mai hoton mace da Fulaninmu ke saƙalawa a wuya da kitso. Kowa ya duba nasa zai ga 1780, sai gabansa ya faɗi, ya ce ya samu abin da ya haura shekara ɗari biyu. Matar da ke jikinsa, Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, a 1780 ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba su yarda da wani iri ba. An buga shi a Biyana, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, liyari ɗaya wuri 2,500 ake canza shi. Darajarsa ta yau a azurfarsa take: nauyinsa kimanin giram 28 ne, fiye da giram 23 a ciki azurfa ce zalla. Kuɗi ne mai kauri, amma da awo ake sanin sa. Na gaske maganaɗisu ba ya kama shi, yana da rubutu a kewayen bakinsa, kuma na jabu sun cika gari. Mai guda ashirin da shida ko fiye ya je ya tambayi malaminsa batun zakka, domin ya kai nisabin azurfa.

Haka sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1920 azurfa ne, daga baya aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Na azurfan su suka fi shan wuta a hannun maƙeran farfaru, an narkar an yi zobba da awarwaro. Ba na ganin laifin maƙeri, sana'arsa yake yi. Amma sulen da bai goge ba, wanda ganyen bishiyarsa ke fitowa raɗau, ya fi nauyin azurfarsa daraja, kuma in ya shiga wuta ya tafi ke nan.

Inda ake dacewa da gaske a takarda ne, saboda ita ba ta jure zama. Gara ta ci, ɓera ya ci, damina ta ci, banki kuma ya ƙone abin da aka mayar masa. Takardun hukumar Afirka ta Yamma, waɗanda aka fara fitarwa a 1916, suna da masu nema, musamman na farko-farko da manyan cikinsu. Haka fam da sulallan da Babban Bankin Nijeriya ya fitar ranar 1 ga Yulin 1959, da waɗanda aka sauya a 1965, da na 1968 da aka canza ana tsakiyar yaƙin basasa. Duk da haka, fam ɗaya da ta sha lalita, ta yi laushi ta yage a tsakiya, da wadda ba a taɓa ninkewa ba, tazarar farashinsu kan ninka sau da yawa. Kuɗin Biyafara kuwa, da tsoffin sojoji suka dawo da su gida, suna nan jibge a hannun dillalai, arha ne.

A nan ne nake roƙon jama'a da babbar murya: kada a wanke. Da zarar mutum ya ji tsohon kuɗinsa na iya yin daraja, sai ya nemo lemun tsami da toka, ko man goge ƙarfe, ya dirje shi har ya yi walƙiya. Wannan duhun da shekaru suka shafa wa ƙarfen, shi mai saye yake so ya gani, kuma idonsa na gane zanen dirza nan take, farashi ya faɗi warwas. A riƙe shi ta gefe, domin gumin yatsa yana barin tabo. A sa kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, kada su riƙa gogar juna, a guji leda mai laushi wadda zafin Gombe ke sa ta yi gumi ta bar kore a jikin tagulla. Takardar kuɗi kuma kada a kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin roba, an kashe ta ke nan. Ba guga, ba salatif, ba ɗaure ta da roba. A shimfiɗe ta tsakanin farar takarda biyu, a sa cikin gwangwani mai murfi, a ɗora a sama nesa da bango mai danshi, a riƙa leƙawa idan damina ta yi nisa.

Wanda ya ƙudura sayarwa, ya fara tuna cewa abin da aka tarar a adakar mamaci gado ne, ba na wanda ya riga buɗewa ba. In magada sun yarda, a ɗauki hoton fuska biyu, a duba shekarar a shafin Numista, inda aka jera kuɗaɗen duniya da bayaninsu. A eBay kuma farashin da aka riga aka sayar ake dubawa, domin kowa na iya rubuta miliyan a kan kayansa ya zauna jira. A ji tayin mutum fiye da ɗaya, a yi ciniki hannu da hannu. A kuma sani cewa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin nairar da ake kashewa yanzu, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

Ni dai da za a bi ta tawa, mafi yawan kuɗin nan ba za su bar Gombe ba. Dubi taron 1959, mai kusurwa goma sha biyu: auduga ce a bayansa. Rabin kwabon da ya zo da naira ranar 1 ga Janairun 1973, shi ma auduga. Garin da auduga ta raya shi, har unguwa guda take amsa sunan ƙungiyar auduga ta BCGA, garin da jirgin ƙasa ya iso a 1963 yana kwasar amfanin gona, da wannan taro da sisi da sule aka biya manomansa, da su aka biya haraji, da su aka yi sadakin iyayenmu. Yaron makaranta da aka ɗora wa taro a tafin hannu aka ce masa ga abin da kakanka ya karɓa a wurin awon auduga, ba zai manta darasin ba. Babban Banki yana da gidan adana tsofaffin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja, amma ɗalibi nawa ne daga Pantami zai je can?

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Sashen tarihi na Jami'ar Jihar Gombe, tare da fadar Mai Martaba Sarki, za su iya ware ɗaki ɗaya da akwatunan gilashi, a yi shela iyalai su kawo aro ko kyauta, a rubuta sunan gidan da kowane kuɗi ya fito da abin da tsofaffin gidan suka tuna game da shi. Tsofaffin da suka yi ciniki da anini da ɗari suna ƙarewa, ya kamata a je da rakoda tun suna da ƙarfin magana. A haɗa har da na jiya-jiya: naira ashirin ta farko mai hoton Murtala ta 1977, launukan da aka sauya a Afrilun 1984, da naira biyar da goma da ashirin da hamsin masu ajami, waɗanda aka cire musu shi a 2007, da naira ɗari da ta rasa nata a 2014. Waɗannan har yanzu ana samun masu kyau a aljihun tsofaffin riguna da tsakanin shafukan littattafai, kuma mafi yawan masu su za su ba da su kyauta in an tambaya.