Fayil ya dawo kwandon shara? Fomatin ba shi ne magani ba

Mutum zai goge fayiloli, ya zubar da kwandon shara, washegari ya kunna kwamfuta sai ga su zaune kamar ba a taɓa su ba. Nan take sai a ce bairos ne, a kai wa mai gyara ya yi fomatin. Wannan gaggawa tana cinye hotuna da takardun shekaru, alhali sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Kwandon da ake gani a fuskar Windows ba wuri ɗaya ba ne. Kowane faifan ajiya yana da ɓoyayyar folda mai suna $Recycle.Bin, kowane mai asusu kuma da nasa ɓangaren a ciki. Tun daga Windows Vista, fayil ɗin da aka goge biyu yake zama: ɗaya mai farawa da $R, shi ne ainihin fayil ɗin, ɗaya mai farawa da $I, shi ke riƙe da asalin sunansa da inda ya fito da lokacin da aka goge shi. Hoton kwandon tattaro su kawai yake yi daga duk faifan da ke haɗe a lokacin. Saboda haka wanda ya goge abu a faifan waje, ya cire shi, sannan ya zubar da kwando, na cikin kwamfuta kaɗai ya zubar. Ranar da ya sake jona faifan, sai su bayyana. Dama can ba su tafi ba. Haka Mac take yi da foldar .Trashes, har a kan filash. Mai shirin sayar da faifansa ko ba da aronsa ya kamata wannan ya dame shi fiye da bairos.

OneDrive ma tana da hannu. Idan aka goge fayil daga waya, manhajar takan ɗauke kwafin da ke kwamfuta ta jefa shi kwando, ga kuma nata kwandon na intanet da ke riƙe abu kwana 30 a asusun mutum na kansa.

Akwai lokacin da kwandon ne da kansa ya lalace, misali wuta ta ɗauke ana tsakiyar gogewa. A nan ne ake ba da shawarar buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta rd /s /q C:\$Recycle.Bin. Yana aiki, Windows kuma za ta gina sabon kwando da kanta. Laifin masu yaɗa umarnin shi ne ba sa faɗin cewa ba ya tambaya, kuma kwandon kowa da ke wannan faifan yake sharewa. A kwamfutar gida ko ta ofis, takardar da wani ya goge bisa kuskure yana shirin dawo da ita ta tafi ke nan.

Idan an yi hakan fayilolin suka sake dawowa, faifan ne abin zargi. A fara kwafe muhimman abubuwa zuwa wani wuri, sannan a gudanar da chkdsk, domin faifan da ya fara mutuwa yana iya ƙarasawa a tsakiyar binciken.