Motar Da Ke Shiga Zaure

Kin dai san yadda maigida ke tura babur cikin zaure da daddare don gudun ɓarayi. To, an taɓa ƙera motar da ake yi wa haka.

A 1950 wani Bafaranshe, Robert Hannoyer, ya baje kolin wata 'yar mota a Paris, ya juya sunansa ta baya ya raɗa mata Reyonnah. Mutum biyu take ɗauka, ɗaya bayan ɗaya kamar goyon babur. In za a ajiye ta sai a ɗaga gabanta, tayoyin gaba su lanƙwashe ƙarƙashinta, faɗinta ya dawo santimita 75 daga 145, ta shige ƙofar gida. Ba ta yi kasuwa ba, ko 20 ba a ƙera ba.

Masu farfaɗo da ita suna shan wuya, don babu kayan gyaranta a shago, sai a ƙera da hannu. Amma a 2013 an yi gwanjon guda a Amurka kan dala 184,000!

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mu nan Basirka har Gwaram da Birnin Kudu, tsohuwar Fijo 504 haɗin Kaduna 'yan gwangwan ake kira su auna ta a kilo. Haka keken ɗinkin kakarki. Kafin ki bari a ɗora shi a sikeli, a kai wa mai gyara tukuna. Sau da yawa mai da sabon bel kawai yake nema.