Sharhi: Ɗanyen waken soya, daga kantunan Wangsa Maju zuwa gonakin Kaduna

A unguwar Wangsa Maju da ke arewa maso gabashin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, duk wanda ya shiga babban kantin AEON na Japanawa zai tarar da wani koren wake cikin kwansonsa, an ƙulle shi a leda an ajiye a firji. Japanawa na kiransa edamame, amma dai waken soya ne da aka cire tun yana ɗanye, kafin ya bushe. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak, wadda ba ta da nisa da unguwar, sun san wannan wake tun daga gida, sai dai a matsayin awara.

Dafa shi ba wuya. Ana zuba shi a tafasasshen ruwa na kamar minti 5, a barbaɗa gishiri kaɗan, a riƙa ɓarewa ana ci kamar dafaffiyar gyaɗa ko gurjiya. Giram 100 na ƙwayarsa na ɗauke da kusan giram 12 na furotin mai gina jiki, da giram 5 na harzar da ke gyara ciki, ga sinadarin ƙarfe da na folet, wanda mata masu juna biyu ke matuƙar bukata. Sukarinsa kaɗan ne, yana kuma riƙe ciki, saboda haka wanda ya ci ba ya saurin neman biskit ko lemon kwalba.

Wannan batu na da muhimmanci a Malesiya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2023 ya nuna cewa kashi 15.6 cikin ɗari na manya na da ciwon sukari, fiye da rabinsu kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Tun a watan Yulin 2019 gwamnati ta ɗora haraji kan abubuwan sha masu zaƙi. To amma haraji kaɗai ba zai sauya abin da baki ya saba ba, sai an ba shi wani abin da zai tauna.

Sai dai bai kamata a mai da waken magani ba. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta cewa cin giram 25 na furotin ɗin soya a kullum na iya rage haɗarin ciwon zuciya, amma a 2017 ta ba da shawarar janye wannan amincewa, saboda binciken da ya biyo baya bai tsaya kan magana ɗaya ba. Amfaninsa na zahiri shi ne ya maye gurbin soye-soye da kayan zaƙi. Haka kuma ba a cinsa ba tare da an dafa ba, domin yana da sinadaran da ke hana narkewar abinci. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa sam. Mai hawan jini kuwa ya kula da gishiri, ganin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana.

Darasin ya fi shafar ƙasar Hausa. Jihohin Binuwai da Kaduna na cikin manyan masu noman waken soya a Nijeriya, cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta daɗe tana samar da irin da ya dace da ƙasar. Amma akasarin amfanin na tafiya ne ga kamfanonin mai da abincin kaji, yayin da yara da dama a Arewa ke fama da tamowa. Awarar da ake sayarwa a titunan Kano da Katsina ma sai ta sha mai a kasko.

Masu ja da wannan ra'ayi za su ce ɗanyen waken ba ya jimawa in babu firji, ga wutar lantarki ba tabbas. Gaskiya ne. Amma dafaffiyar gyaɗa ma ba ta kwana biyu, kuma hakan bai hana a yi tallarta kowace kaka ba. Manomi na iya ware kunya biyu ko uku ya cire wa iyalinsa lokacin da kwanson ya cika yana kore shar, makonni kafin girbi, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya rage ga malaman gona da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su sanar da jama'a cewa abin da ake saye da tsada a Wangsa Maju yana nan a bayan gari.