Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Gyaran Kekunan Giya



Mu da muka koyi aiki a kan Raleigh da Phoenix mun saba da keken da ba shi da tsirfa. Sarƙa ɗaya ce, firwil ɗaya, birkin ƙarfe. In wani abu ya cinye sai ka ciro na wani keken ka ɗaura, ya zauna daram. Kekunan gwanjo na Turai da Japan da samari ke turo mana yanzu ba haka suke ba. Wannan ya ce a ƙara masa giya daga 7 zuwa 9, wancan ya ce a cire masa miƙaƙƙen kai a sa masa lanƙwasasshe irin na 'yan tsere. Da yawanmu da zarar noti ya shiga sai mu ce an gama. Bayan kwana biyu keke ya dawo, sarƙa na tsalle, mai shi na harararmu.

Kafin ka karɓi aikin ƙarin giya, fara duba ƙafar baya. Firwil mai zare, wanda ake murzawa a jikin hob, galibi a giya 7 yake tsayawa. Mai son 9 sai kaset, wanda ake zurawa a kan hob mai tsaga-tsaga, wato sai an sauya hob ko ƙafar baki ɗaya. Hob ɗin Shimano na giya 8 yana ɗaukar 8 da 9 da 10, har ma da 7 in ka sa zobe mai kaurin milimita 4.5. Tsohon hob na 7 kuwa gajere ne, ba ya ɗaukar 8. Sannan ka auna tazarar firam ta baya: tsofaffi milimita 126, na titi 130, na hawan dutse 135. Firam na ƙarfe ana iya buɗa shi kaɗan a hankali. Na alminiyam kada ka taɓa, tsagewa yake yi.

Sarƙa ma tana ruɗin mutane, domin tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne a kusan kowace iri, ko ina ka ɗora ta sai ta hau haƙora. Faɗi ne ya bambanta. Ta giya 8 ta ɗan haura milimita 7, ta 11 wajen 5.5 ce. Mai faɗi a kan matsattsen kaset gugar maƙwabta za ta yi ta yi.

Inda aka fi shan wahala shi ne tsakanin madannin giya da maturin sarƙa na baya. Kowace dannawa tana jan waya daidai wani ƙayyadadden tsawo, maturi kuma yana matsawa gwargwadon yadda aka ƙera shi. In lissafinsu bai zo ɗaya ba, ko ka wuni kana murza sukurun saiti, giya biyu za su zauna, sauran su ƙi. A kayan Shimano, daga giya 6 zuwa 9 na titi da na dutse kusan duk jansu ɗaya ne, shi ya sa muka daɗe muna haɗa su ba matsala. A 2010 kamfanin ya fito da giya 10 ta kekunan dutse, wadda ya kira Dyna-Sys, da sabon lissafi. Abin mamaki, madannin titi mai giya 10 na da yana aiki da maturin dutse mai 9, amma ba ya aiki da na dutse mai 10. Tiagra 4700 kuma, ko da yake 10 ce, irin jan masu 11 gare ta. Yawancin kayan SRAM nasu lissafin daban ne. Saboda haka ƙirga giya kaɗai bai wadatar ba, karanta lambar da ke bayan maturin. In kaya sun ƙi haɗuwa kuma mai keke ba shi da ƙarfi, tsohon madanni marar ƙas-ƙas, wanda hannu ke saitawa, yana tafiya da kusan kowane maturi. Ni ban ga abin kunya a ciki ba.

Sai batun sauya kai. Mariƙin miƙaƙƙen kai milimita 22.2 ne, na lanƙwasasshe 23.8, don haka hannun birki da madannin wancan ba sa shiga wannan. Tsakiyar da wuya ke matsewa ita ma iri-iri ce: 25.4, 26 ko 31.8. Masu yanka gwangwani su cusa don cike giɓi, ku ji tsoron Allah, kan nan yana iya juyawa da mutum a gangara. Lanƙwasasshen kai kuma yana miƙar da mahayi gaba, galibi sai an sa gajeren wuya. Maturin gaba ma na titi da na dutse jansu ba ɗaya ba ne.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce, na birki kuwa maganar rai ne. Birkin V, mai dogayen hannuwa biyu, yana buƙatar a ja waya da yawa, hannun birkin 'yan tsere kuwa kaɗan yake ja. In ka haɗa su, hannun zai taɓo kai tun roba ba ta kama rim da kyau ba. A rumfa ƙafa za ta tsaya ka ɗauka lafiya, sai ranar da yaro ya gifta. Akwai hannuwan da aka yi musamman don wannan, kamar Tektro RL520. In babu su, ka bar masa miƙaƙƙen kansa.

Ina roƙonku, kowa ya nemi ma'aunin kauri ya ajiye a akwatin kayan aiki. Kuma kafin ka kwance noti ɗaya, ka lissafa wa mai keke duk abin da sauyin zai ci: hob, kaset, sarƙa, madanni, wayoyi, hannun birki. In kuɗin ya kusa sayen wani keken, ka gaya masa gaskiya, ya zaɓa da kansa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tsohon mai gyaran keke