Motar Tsere Daban, Motar Hanyar Birnin Gwari Daban

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu na nan Birnin Gwari, musamman a bakin tasha da wajen masu shayi. Gardamar kuwa ita ce: tsakanin sababbin motoci masu turbo da tsofaffin motoci marasa turbo, wace ce gwana?

Malam Edita, samarinmu na yanzu kowa da wayarsa a hannu, suna kallon tseren motoci na ƙasashen Turai. Sai ka ji yaro ya ce wai mota in ba ta da turbo, amalanke ce. Da a ce maganar ta tsaya a bakin mai shayi, da ban ɗauki alƙalami ba. To amma ta kai ga mutum ya sayar da buhunan masararsa da shanun huɗarsa, ya sayo mota 'yar Kwatano mai turbo don ya sa ta haya, saboda abin da ya gani a waya. Ni kuwa na shafe shekaru ina jan Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, tsakanin Kaduna da Birnin Gwari da Funtuwa, don haka ina ganin ina da ɗan abin faɗi.

Da farko bari in yi wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda bayanin mene ne turbo ɗin nan, don kada a riƙa ruɗa mu da suna. Inji ba ya aiki sai ya haɗa mai da iska ya ƙona. Injin da ba shi da turbo da kansa yake shaƙar iska, kamar yadda ni da kai muke numfashi. Shi kuwa turbo, ku ɗauke shi kamar zugazugin maƙeri. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, wuta ta ƙaru, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun a 1905.

To a filin tsere wa ke cin wani? A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa tsofaffi irina daɗi ba: samarin nan suna da hujja. Kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya yana da wata mota mai suna 458, injinta lita 4.5 ba turbo, ƙarfin doki 570. A 2015 suka maye gurbinta da 488, injinta lita 3.9 mai turbo biyu, ƙarfin doki 670. Wato inji ya ragu, ƙarfi ya ƙaru da doki 100. A filin gwajinsu na Fiorano sabuwar ta riga tsohuwar kammala zagaye da kimanin daƙiƙa 2. Haka kuma a gasar Formula 1, kamfanin Renault ya shigo da turbo a 1977, aka yi ta yi masa dariya saboda yawan lalacewa, amma kafin shekara goma masu turbo sun mamaye gasar, har aka hana amfani da shi daga 1989, sai a 2014 aka dawo da shi.

Amma ku dubi wani misalin da kyau. A ƙasar Jamus akwai wani filin tsere da ake kira Nürburgring, zagayensa ɗaya ya ɗara kilomita 20, ga kwanoni ga hawa da gangara. A 2017 motar Porsche GT2 RS mai turbo, ƙarfin doki 700, ta zagaye shi cikin minti 6 da daƙiƙa 47. A 2018 'yar'uwarta GT3 RS marar turbo, ƙarfin doki 520, ta yi shi cikin minti 6 da daƙiƙa 56. Jama'a, doki 180 ne tsakaninsu, amma ratar duka-duka daƙiƙa 9 ce, ko kurɓar shayi ba ka gama ba. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya yake amfani. Da zarar an zo kwana, sai magana ta koma kan taya da birki da nauyin mota da hannun direba. Shi ya sa har yanzu akwai gwanayen tuƙi da suka fi son marar turbo, domin kana taka totur take amsawa, alhali tsofaffin masu turbo sai sun ɗan yi jim kafin ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an hankaɗo ka.

Yanzu mu bar kwaltar Turawa mai santsi kamar faranti, mu dawo Afirka. A ƙasar Kenya ana yin wata gasa mai suna Safari, wadda a shekarun 1970 ake tafiyar fiye da kilomita 4,500 cikin ƙura da taɓo da duwatsu, kuma mafi yawan motocin da suka tashi ba sa kaiwa ƙarshe. A 1975 wace mota ce ta zo ta ɗaya? Fijo 504 ce, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin yana tuƙi. A wannan shekara kuma 504 ta cinye gasar Maroko da ta Bandama a ƙasar Kwaddibuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cinye Safari da 504 mai silinda shida. Duk babu turbo a cikinsu. Gaskiya ne an yi wa motocin gasar gyara na musamman, ba daidai suke da wadda nake ɗaukar fasinja da ita ba, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Kuma a shekarar 1975 ɗin nan ce aka fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, aka yi kusan shekara 30 ana fitar da 504 daga can. Abin da ya ba ta nasara a Kenya shi ya ba ta farin jini a tashoshinmu: juriya, da tsayin ƙasa, da sauƙin gyara.

Wani zai ce, to Baba, ai daga baya masu turbo sun karɓe dajin ma. Haka ne. Toyota Celica mai turbo ta cinye Safari sau uku a jere, 1984 da 1985 da 1986. Fijo da kanta ta fito da 205 mai turbo ta cinye gasar Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, sannan 405 mai turbo ta cinye a 1989 da 1990, a zamanin da gasar ke ratsa hamadar Nijar ta wajen Agadas. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ina so samarinmu su tambayi kansu, su wa ke bayan waɗannan motoci? Ayarin makanikai ne da manyan motoci cike da kayan gyara, ga tataccen mai na musamman, ga baƙin mai da ake canzawa a kai a kai. In turbo ya ƙone, nan take a cire a sa sabo, kamfani ya biya. Kai da ka sayar da masararka, wane ayari ne ke biye da kai tsakanin Buruku da Udawa?

Ga inda gizo ke saƙar. Farfelar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin man inji ne ke taimakawa wajen sanyaya ta yana hana ta cin kanta. In baƙin man ya tsufa, ko na awo ne da ba a san asalinsa ba, to ka fara haƙa mata kabari. In matacin iska ya huje, ƙurar hunturu ta shiga, za ta cinye bakin farfelar kamar an sa mata magagari. In ka yi doguwar tafiya da gudu ka kashe inji nan take, man da ya rage a ciki sai ya ƙone ya daskare. Sannan injin fetur mai turbo ba ya shiri da gurɓataccen mai. Mu kuwa in ka bar gari, sau da yawa man galan na 'yan bumburutu ne abin dogaro. Ko a manyan birane ba mu manta da 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci da yawa suka kwanta.

Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcina, yaron kirki mai neman na kansa, ya haɗa kuɗin amfanin gonarsa ya sayo wata mota mai turbo. Watannin farko abin sai wanda ya gani, in ya wuce mu a hanya sai dai mu hangi ƙurarsa. Wata rana da la'asar sakaliya, yana ɗauke da fasinja shida har da mace mai goyo, motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinta ya mutu, ta tsaya cak a tsakiyar daji inda ko sabis na waya babu. Allah ya sa wata tsohuwar mota tana tafe a baya, ita ta ɗaura mata igiya ta jawo ta gari bayan magariba. Bakanikenmu ya buɗe ya duba ya ce wannan sai Kaduna, sai an sa mata kwamfuta. Kuɗin jan motar da kuɗin turbo ɗin suka cinye ribar da ya tara. Da Fijo ce, da sufana da sukundireba da ɗan waya an tashe ta a bakin hanya.

Akwai kuma masu cewa saboda halin da dajinmu ya shiga, gara mota mai gudu don ka tsere wa 'yan bindiga. Na fahimci tsoronsu, domin babu gidan da bai ɗanɗana ɗacin abin da ya faru a wannan hanya mai kimanin kilomita 120 daga Kaduna ba, da dajin Kamuku da kewayensa. Mun ga shekarun da sai da rakiyar jami'an tsaro ake bi, mun kuma ga ƙarshen 2024 lokacin da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari. Allah ya zaunar da mu lafiya. Amma duk direban da ya san hanyar ya san cewa ramuka ne ke yanke maka gudun da za ka yi. Motar da ke iya kilomita 220 a awa, in ta iske rami dole ta sauko 20 kamar kowa, in kuwa gajeriya ce, tukunyar baƙin manta ta daki dutse, shi ke nan tafiya ta ƙare. A daji babu abin tsoro kamar motar da ta mutu. Sauri kuma ya kan haifi nawa, sau nawa muka kwashi gawarwaki saboda fashewar taya a cikin gudu?

Kada a ce ina kare tsofaffin motoci ido rufe. Su ma da laifinsu. Suna shan mai kamar raƙumi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowane direba ya san zafin wannan. Ba su da jakar iska mai kare fasinja in an yi karo, birkinsu bai kai na yanzu ba, kayan gyaransu na asali kuma sun yi wuya, jabu sun cika kasuwa. Shi ma turbo yana da ranarsa. Tireloli da manyan motocin dizal da ke ɗaukar hatsinmu zuwa kudu yawancinsu da turbo suke aiki, kuma suna daɗewa in an kula da su. In za ka hau tudu kamar Jos, inda iska ta fi sauƙi, marar turbo tana rage ƙarfi, mai turbo kuwa ba ta damu ba. Kuma ko mun so ko mun ƙi, kamfanoni da yawa sun koma ƙera ƙananan injuna masu turbo, su ne za su cika kasuwar 'yan Kwatano nan da wasu shekaru.

Saboda haka shawarata ga ɗan'uwana mai shirin sayen mota ita ce, kafin ka tambayi gudunta, tambayi abu huɗu. Shin akwai bakaniken da ya san ta a garinmu? Ana samun kayanta a Kaduna ko Funtuwa, kuma nawa ne? Tsayinta daga ƙasa zai haye ramukanmu da damina? Kana da halin zuba mata baƙin mai na gwangwani a kan lokaci? In amsar ɗaya ta zama a'a, to daidai ruwa daidai tsaki, nemi wadda za ka iya riƙewa. In kuwa ka riga ka saya, to ka riƙa barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe bayan doguwar tafiya, ka riƙa duba matacin iska musamman da hunturu, ka guji man da ba ka yarda da shi ba.

Daga ƙarshe ina kira ga hukuma da ta dubi hanyoyinmu na Kaduna da Funtuwa da Tegina da idon rahama, domin rami ba ya tambayar mota ko tana da turbo. Ina kuma kira ga ƙaramar hukuma da ƙungiyar direbobi da ta makanikai su haɗa kai a tura yaranmu su koyo gyaran sababbin injuna, a samar da kwamfutar duba mota ko guda ɗaya ce a garin nan, don a daina jan mota har Kaduna saboda ƙaramin abu. Ku kuma samari, ku ci gaba da kallon tserenku, ni ma nakan leƙa in an nuna mini. Amma ku tuna, can kofi ake nema, nan kuwa mace mai goyo ce a kujerar baya take son ta isa gida kafin duhu.

 

Naku,
Wani tsohon direba,
Bakin Tasha, Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.